Daminar da Na Ɗinka wa Amurka Wando

A Seme, bakin iyakar Najeriya da Benin, aka fara nuna mini cewa ni baƙauye ne. Kwanana uku ke nan da barin Matameye, ƙafafuna sun kumbura da zaman mota, jakata a kafaɗa, almakashina naɗe da tsumma a can ƙasanta. Wani mutum mai farar riga da carbi a hannu ya tare ni da Hausa garau, ya ce, "Ɗan'uwa, wannan hular ai ta Damagaram ce." Jin an ambaci Damagaram a bakin teku ya sa na saki jiki kamar na ga ɗan ɗakinmu. Ya ce yana da mota mai zuwa Akra kai tsaye, ba sauka ba canji. Ya karɓi kuɗina, ya ba ni takarda, ya gyara mini wurin zama da hannunsa, har ya bi ni da addu'ar sauka lafiya.

A Lome direba ya kashe mota ya ce kowa ya sauka. Na ce ni Akra na biya. Ya dubi takardar da na miƙa masa, ya fashe da dariya har yana dukan sitiyari. Da ɗan faransancin da na tsinta a lakwal, makarantar bokonmu, na gane cewa bai san mai farar riga ba, kuɗin Lome aka ba shi, takardar kuwa ta wani shagon sayar da taya ce. Na tsaya a tsakiyar tasha ina zagin mutumin da ke ƙasa biyu a bayana. Wani Bazabarme mai tura kura ya saurare ni har na gama, sannan ya ce in ɗora jakata a kurarsa. Ya ce Gana ba ta da nisa, ƙafa ma tana kai mutum. Ya raka ni har bakin iyakar Aflawo, ya nuna mini ƙofar da masu ƙafa ke bi da wadda ba a bi. Na zaro ɗan abin da zan ba shi, ya ture hannuna ya juya. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma har yau abin yana damuna.

Sunana Lawali, tela ne ni. Kowace shekara da an kai gero rumbu nakan rufe rumfata a kasuwar Matameye in tafi Kano cin rani, in zauna gaban keken wani a Fagge har hadari ya fara haɗuwa. Sai naira ta faɗi, ta yi ta faɗuwa, har ta kai in ka yi rani guda kana taka keke, ka canza abin da ka tara zuwa sefa, sai ka ji kunyar shiga gida da shi. A gida kuma gwanjo da ɗinkakkun kaya na waje sun cinye mu, ba mai kawo ɗinki sai da sallah. Shi ya sa da abokina Habu, mutumin Kurni da ke tallar agogo da tabarau a Gana, ya ce akwai wani kamfanin ɗinki a Tema da ke neman masu hannu, ban yi dogon tunani ba.

Abu guda na san ba a wasa da shi. Gonar da ke ciyar da gidanmu, wadda ke kan hanyar Tsauni, ba tamu ba ce. Alhaji Mati ne ya ara wa babana tun kafin a haife ni. Ba takarda, ba sa hannu. Ƙa'idar kowa ya san ta a wajenmu: kafin ruwa ya sauka ka je da ƙafarka ka durƙusa gaban mai gona, ka ce masa ga damina ta ƙarato, ya ce Allah ya ba da albarka, ka je ka zuba irinka. Muddin irinka ne ke shiga ƙasar kowace shekara, ba mai tada zancen. Shekarar da irin wani ya shiga, zance ya koma sabo. A ƙasarmu kuwa mutane sun fi gonaki yawa, wanda ya saki tasa ba ya samun wata. Babana bai taɓa tsallake gaisuwar nan ba har ya rasu, ni ma na yi shekara tara ina yin ta.

Habu ya tarbe ni a Ashaiman, unguwar da ke manne da Tema. Ɗakinsu na langa-langa ne, mu bakwai a ciki, duk ƴan ƙasarmu, kowa da tabarmarsa da ƙusar rataye jakarsa. Iskar garin jiƙaƙƙiya ce, ka yi wanka ka fito ka ji kamar ba ka yi ba. Abincinsu dokunu ne, wani curin masara mai tsami, da soyayyen kifi da barkono. Satin farko cikina ya yi ta rigima da shi. Abin da ya fi ba ni wuya shi ne rashin fura. Ban san cewa ina son fura har haka ba sai da na wayi gari a inda ko ludayi ban gani ba. Wata rana na ji wata mata tana daka a bayan katanga, na tsaya ina saurare kamar wawa, ashe rogo take kirɓawa.

Wanda ke kula da layinmu a kamfanin shi ne Bashiru, haifaffen zangon Akra, kakansa Bakano ne. Hausarsa a karye take, amma ita ce ta zama mini kunne da baki a wurin. Ya zaunar da ni gaban wani keke mai lantarki ya ce in gwada. Na taka shi yadda nake taka nawa na gida, sai ya fizge ƙyallen ya yi gaba da shi kamar an kori akuya. Matan da ke layin suka kwashe da dariya. Kafin azahar na kama kansa, Bashiru ya ce in dawo gobe.

Ni da nake yanka babbar riga in ɗinke ta daga wuya har ƙasa, aka mai da ni mai aljihun baya. Aljihun baya kawai. Wando ya zo daga hagu, in manna masa aljihu biyu, in tura shi dama, wani ya iso. Ban taɓa ganin wanda zai sa shi ba, ban gwada ƙugunsa ba, ban ji yana ƙorafin na matse shi ba. Wandunan kuma wasu manya ne ƙwarai, da ni da Habu za mu shiga ɗaya mu bar wurin baƙo. Na tambayi Bashiru su wane ne masu wannan ƙugu. Ya ce Amurkawa.

Shi ya warware mini yadda abin yake, wata rana muna cin abinci a gindin katanga. Yadin daga Cana, ƙasar Sin, yake zuwa. Zare, zik, maɓalli, har allurar da nake karyawa, duk daga can. Mai kamfanin ma ɗan can ne. Na ce to me ya hana su ɗinka abinsu a gida?

"Amurka da Cana ba sa ga maciji," in ji shi. "In wando ya fito daga Cana, Amurka tana lafta masa kuɗin duwan, wato kwastan, mai nauyi. In daga nan ya fito, ba ta laftawa. Shi ya sa mutumin ya kwaso kekunansa ya zo nan."

"To in ba sa shiri, su rabu mana."

"Su rabu su je ina? Wannan shi ke da kaya, wancan shi ke da kuɗin saye. Kowa yana jin haushin kowa, kowa kuma yana tsoron ranar da ɗayan zai rufe masa ƙofa."

Na yi dariya na ce ashe faɗansu ne ya ba ni aiki, Allah ya ƙara haɗa su. Da bakina na faɗi haka, ina tauna kifi.

Matar da ke zaune a damana sunanta Anti Esi, Kirista ce mai ƴaƴa huɗu, ita ke ɗinka maɗaukan bel. Ba ta jin Hausa, ba na jin yarenta, da hannu da ido muke magana. Ranar da allura ta huda mini yatsa ta fito ta farce, ita ta kashe keken, ta zare ta, ta ɗaure mini da gefen ɗankwalinta, tana ta yi mini faɗa da yaren da ban sani ba. Da azumi ya kama ta lura ba na fita cin abinci. Tun daga ranar, kullum da yamma sai in tarar da ledar ruwan sanyi naɗe cikin tsumma a ƙarƙashin tebirina, don in sha ruwa a hanya. Ba ta taɓa nuna cewa ita ce ba, ni ma ban taɓa nuna na sani ba.

Abin da ya jawo mini ido shi ne gyara. Telan ƙauye ba shi da makaniki, in kekensa ya lalace shi zai kwance shi. Wata rana keken Anti Esi ya fara tsallake ɗinki, mai gyara ba ya nan, na cire almakashina da ɗan sukundireba na daidaita shi. Ban san shugaban wurin yana bayana ba. Wani tsamurarren ɗan Cana ne mai furfura, kullum riƙe da gorar shayi mai ganye na yawo a ciki, shi ya sa muke ce masa Mai Shayi. Ya gyaɗa kai ya wuce. Daga ranar, in keke ya tsaya sai ka ji ana kiran Lawali daga wannan layi zuwa wancan. Ba zan ɓoye ba, kaina ya fara girma.

Bayan ƙaramar sallah labari ya canza. Aka ce Amurka ta ce yanzu ba Cana kaɗai ba, kowa zai biya, har ƙasashen da a da ake ɗaga wa ƙafa. Sai kuma aka ce an ɗage, an ba da wa'adin ƴan watanni. Masu sayen wandunanmu a can suka ruɗe, kowa yana so kayansa su shiga kafin wa'adin ya cika. Aikin wata uku aka ce a gama shi a wata ɗaya da rabi. Aka ƙara mana awoyi, aka ƙara lada, kontena tana fita wata tana shiga.

Daidai lokacin ne a gida ake sharar gona. Ɗakinmu ya fara raguwa. Kowa ya ɗaure jakarsa da igiya, ya sayi sabulu da atamfa, ya kama hanya. Ranar da Habu zai tafi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Kai fa? Ka je ka gaida Alhaji tukuna, in ya so ka dawo ka ɗinka musu har da hula." Na ce ina bayansa da mako guda.

Washegari na sa Bashiru ya raka ni ofishin Mai Shayi in yi sallama. Ya saurari Bashiru har ƙarshe, ya buɗe gorarsa ya kurɓa, sannan ya yi magana a hankali, Bashiru yana juya mini. Ya ce shi ma ɗan manomi ne, babansa shinkafa yake nomawa, ya san abin da ruwan farko ke yi wa zuciyar mutum. Ya ce amma ruwa zai dawo baɗi, jirgin nan kuwa in ya tashi babu kayanmu a ciki, kamfanin ba zai ga baɗi ba. Mako shida yake roƙo. In an wuce wannan, zai ɗauke ni daga aljihu ya ba ni gyaran kekuna gaba ɗaya, aikin dindindin, da ɗaki ni kaɗai. Sai ya miƙe ya kama hannuna da hannu biyu. Tunda nake, ba wani mai kamfani da ya taɓa roƙona komai. Na fito daga ofishin na riga na amsa.

Na kira matata Barira na gaya mata. Ina jin kukan awaki a bayanta.

"Malam, gonar fa?"

"Za a san yadda za a yi."

"To bari in aika gidanmu Dawce. Su Yaya Sale in sun gama tasu, yini guda za su shuka mana. Ni ma zan bi su. Gaisuwar kuma in je da kawunka, mu ba Alhaji haƙuri."

Nan ne na yi abin da har in mutu ba zan daina jin ciwonsa ba. Na hango surukaina sun taso daga Dawce da sungumi a kafaɗa, sun ratsa ta kasuwa, ana tambayarsu ina zuwa, suna cewa za mu shuka wa mijin ƙanwarmu, ya tafi bakin teku. Na hango matata a bayansu da ƙwarya. Kunya ta rufe ni tun daga Gana.

"Ina raye surukaina ba za su yi mini noma ba," na ce. "A ce na kasa riƙe gida? Kada ki sake ki aika."

"Malam, ba abin kunya ba ne. Yini guda ne fa."

"Na gama magana."

Sai na yi dabarar da a lokacin na ɗauka ta masu hankali ce. Sanusi, babban ɗan Alhaji Mati, tare muka yi lakwal, tare muka yi kiwon awaki. Na ga ai gara in nemi alfarma wajen masu gonar da in nema wajen surukai, tunda su kamar gida ɗaya muke. Na aika masa saƙon murya. Na ce bana aiki ya riƙe ni, ba zan samu zuwa ba, ya gaishe mini da Baba Alhaji, in sun sa masu shuka a tasu su haɗa da wannan kada ta kwana, in na dawo za mu daidaita. Ya amsa da sauri, da fara'a. Ya ce kada in damu, ai an zama ɗaya. Na sa wayar a aljihu ina jin na fi Habu wayo.

Makonnin nan shida ban san yadda suka wuce ba. Idona ya yi ja, bayana ya ƙage, ina manna aljihu ina tashi gyara ina dawowa. Ruwan Tema yana dukan rufin kamfanin har ba ka jin ƙarar kekuna, ni kuwa kowane ɗigo sai ya tuna mini da ƙamshin ƙasarmu in ruwan farko ya taɓa ta. Ana cikin haka Barira ta kira ta ce an yi ruwan shuka, Sanusi ya kawo mutane sun shuka gonar.

"Ka gani ko?" na ce. "Ban gaya miki ba?"

"Amma ba gero suka sa ba. Riɗi ne."

Na daure na ce bana kaɗai ne, ƙasa ma tana son a canza mata. Ta ce to. Wannan "to" ɗin na san shi, shekara goma sha ɗaya ina zaune da shi.

Muka cika alkawari. Kontena ta ƙarshe ta fita, muka yi tafi, Mai Shayi ya sayo lemon kwalba aka raba. Sai kuma shiru. Mako guda ba sabon aiki, mako biyu muna share ƙasa muna goge kekuna. Bashiru ya ce masu saye a Amurka sun cika ɗakunan ajiyarsu maƙil saboda gaggawar da suka yi, kuma ba wanda ya san nawa duwan za ta ce gobe, don yau a faɗi wannan, jibi a faɗi wancan. Ga kuma raɗe-raɗin cewa wandon da aka yi da yadin Cana za a ɗauke shi tamkar daga Cana ya fito, ko a ina aka ɗinka shi. Wa zai yi odar kayan da bai san farashinsu ba ranar da za su iso? Masu kamfanin a can Cana suka ce a tattara. Wai akwai wata ƙasa da har yanzu ƙofarta ba ta rufe ba, can za a kai kekunan.

Mai Shayi ya cika mini rabin alkawarinsa. Ya ba ni kekunan gaba ɗaya. Ni na kwance su ɗaya bayan ɗaya, na zare allura, na tsiyaye mai, na naɗe kawunansu da leda, na jera su cikin akwatunan katako. Na Anti Esi ma ni na kwance, tana tsaye tana kallo da jakarta a hannu.

An sallame mu ba a riƙe wa kowa ko sisi ba, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da an cuce ni kamar yadda aka yi a Seme, da na samu fuskar da zan zaga. Na nemi Mai Shayi in gaya masa magana mai zafi, na same shi zaune kan akwati, ya rame, gorar a ƙasa ba komai a ciki. Bashiru ya ce Mai Shayin ma an ce ya koma gida, ba da shi za a tafi sabuwar ƙasar ba. To wa zan zaga? Mutanen da suka yi wannan ba su san akwai Tema ba, balle Matameye, balle wata gona a hanyar Tsauni. Suna can suna auna juna, wannan ya ɗaga hannu, wancan ya ɗaga, mu da muke ƙasa muna kwashe tabarminmu.

A bakin ƙofa Anti Esi ta riƙe hannuna ta yi magana mai tsawo, hawaye na zuba. Bashiru ya ce, "Cewa take kai ka gode wa Allah, kana da gonar da za ka koma. Ita ba ta da komai sai keken nan." Na gyaɗa kai. Ban iya gyara mata ba.

Dawowa ba wanda ya cuce ni, don na riga na san ƙofofin. Daga Kano zuwa Daura ƙasa ta yi kore shar, gero ya kai ƙugu, ko'ina mutane ne sunkuye suna maimai. Ni kaɗai ne a motar mai jakar cin rani a tsakiyar damina. Wani dattijo ya dubi jakar, ya dube ni, ya tambaya ko rashin lafiya ce ta riƙe ni. Na ce eh, don ya fi sauƙin faɗa.

Da na tsallaka iyakar Ɗan Barto ban wuce gida ba. Na hau babur na ce a kai ni hanyar Tsauni. Gonar tana nan inda na bar ta, itatuwan gawonta biyu suna tsaye. Riɗi ya rufe ta daga wannan iyaka zuwa waccan, ya yi fure fari, layi a miƙe, an zuba masa takin zamani. Ban taɓa ganin gonar ta yi kyau haka ba, kuma na ji haushin ta da ta yi wa wani abin da ba ta taɓa yi mini ba.

Washegari da hantsi na je gidan Alhaji Mati. Yana zaure kan buzu, Sanusi a gefensa, da dattawa biyu. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi hanya, ya tambayi teku, ya sa aka kawo mini ruwa. Na yi godiyar shukar da aka yi, sannan na ce na zo ne a kan baɗi.

Alhaji ya daɗe yana jan carbi.

"Lawali, babanka shekara nawa ya yi a gonar nan?"

"Sun fi talatin, Baba."

"Akwai shekarar da ya karye a ƙafa. A kan jaki aka kawo shi nan ya gaishe ni. Ya shuka ta yana jan gindi." Ya ɗago ya dube ni, ba fushi a fuskarsa. "Ni ban karɓe gona ba, ɗana. Kai ka aiko ka ce a shuka. Da matarka ce ta zo, ko surukanka, ko wani naka ya zuba ko da tiya ɗaya ta geronku, wallahi da bakina ba zai iya buɗuwa ba. Amma ka mai do mana da ita da kanka, yaran nan kuma sun sa ƙarfinsu a ciki. Ina da ƴaƴa maza shida. Me zan ce musu?"

Dattawan suka sunkuyar da kai. Ɗayansu ya ce gaskiya haka ƙa'ida take.

Sanusi ya gyara zama. Ya ce in yi haƙuri, ba da mugunta ba ne. Masu sayen riɗi daga Kano sun zo har gida tun kafin ruwa, suna tara wa ƴan Cana, sun ce ko nawa aka noma za su kwashe, baɗi ma haka. Gero ba ya kawo abin da riɗi ke kawowa. Na ji sunan ƙasar a zauren Alhaji Mati, a Matameye, na rasa dariya zan yi ko kuka. Na so in gaya masa cewa na san irin wannan ciniki, na ga yadda yake farawa da tafi da lemon kwalba, na kuma naɗe kansa da leda da hannuna. Amma wa zai saurari mutumin da ya zo roƙo?

"In an yanke riɗin za mu buƙaci mai ɗinke bakin buhu," in ji Sanusi. "Kai ka iya allura. Ba za mu nemi wani ba."

Da zuciya ɗaya ya faɗa. Na yi godiya, na ɗauki takalmina.

Rana ta take lokacin da na shiga gida. Barira ba ta tambaye ni yadda aka yi ba, ta ga fuskata. Ta shimfiɗa mini tabarma a inuwar rumbu, ta shiga ɗaki ta fito da ƙwarya, ta dama fura da nono a gabana, ta miƙo mini ludayi. Wata takwas rabona da ita. Na sha, na ƙara, na ji ta har cikin ƙashina. Gero ne mai kyau, manyan tsaba, mai ƙamshi, ba irin ragowar gindin rumbu da ake ci a wannan watan ba, ba kuma irin na kasuwa ba.

"Ina kika samo gero haka a tsakiyar damina?" na ce.

Ta ɗauki faifai ta rufe sauran furar don ƙuda.

"Irinmu ne," ta ce. "Wanda ka ware bara. Na ajiye shi har jiya, ko Alhaji zai ce wani abu. Da ka dawo daga gonar jiyan, na ga tafiyarka daga bakin ƙofa, sai na daka. Ka shanye, Malam, ba inda za a zuba shi."